Tsohuwar Igiyar Guga

Ƙas. Abin da na ji ke nan, ba ƙari. Ɗan sauti ne kamar an karya tsinken tsintsiya, ina tsaye a bakin rijiyar gidanmu da hantsi, guga cike da ruwa ya kawo rabin hanya, 'yata ta fari tana gefe riƙe da bokiti. Na dakata na duba igiyar da ke hannuna, sai na ga sili ɗaya cikin ukun da aka tufka ta da su ya rabu, ya yi gashi-gashi. Na ja sauran a hankali kamar mai lallashin jariri har gugan ya iso, na juye, na ce a raina wannan igiya ta gama aikinta. Tsorona a lokacin bai wuce kada guga ya faɗa rijiya ba, in koma aika yara gida-gida aron ƙugiya. Da zancen ya tsaya nan, da yau ba ni da abin faɗa.

Rijiyar nan babu ita yanzu. Bara 'ya'yana suka haƙa bohol, suka sa aka rufe bakinta da siminti, aka shimfiɗe tsakar gidan da intalok tun daga ƙofar ɗakina har get. Bishiyar mangwaron da ke kusa da ita tun kafin nan aka sare ta, wai don mota ta sami wurin juyawa. Ban hana ba, gidan ya yi kyau, ba taɓo da damina, ba sharar ganye. Amma ranar da magina suka zuba simintin, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina kallo, sai na ji kamar da wani abu nawa suke rufewa a ciki. Gidan nan na Unguwar Kanawa a da ba ya shiru. Da asuba begilar sojoji daga bariki, sai kiran salla, sai ƙarar murfin rijiya, sai daka daga gidaje uku a lokaci guda har mutum ya iya gane tabaryar kowace mace. Talabijin ba ta buɗewa sai la'asar, saboda haka yini guda yara a waje suke, kuma wajen nan tsakar gidana ne, don mu ne masu fili da inuwa. Yanzu in ka ji ƙara a gidan, to injin bohol ne ko waya.

A zamanin nan ba a kanti ake sayo wa yara kayan wasa ba. Duk abin da ya gaji da yi wa manya aiki, shi ke komawa hannunsu. Tayar keken da ta sha faci har ba wurin wani, ta zama ta garawa. Gwangwanin madara da na tumatir su zama tukwanen 'yan mata, silifas ɗin da ya tsinke a yanka shi a yi wa motar kara ƙafafu, ƙyallen tela ya zama zanen 'yar tsana. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, kuma mutum ne mai barkwanci, yakan ce kayan wasan gidan nan duk 'yan fansho ne, sun yi ritaya a wurin manya sun kama kwantaragi a wurin yara. Ba mu ɗauki wannan rowa ba. Tattali ne, kuma haka aka tarbiyyantar da mu, ba a zubar da abin da ke da sauran amfani, almubazzaranci ba halin kirki ba ne. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya, abin da ya sa aka sallami abu daga aikin manya, shin ya bar jikinsa ne da ya koma hannun yara?

Ni kuwa a unguwar an san ni da kaffa-kaffa. Da yake na gama sakandare kafin aure, mata suna ce mini Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Murfin rijiyata na ƙarfe ne da kwaɗo, makullin a haɓar zanina yake yini. Ba a shigo mini da danƙo, ba a wasa da kwalba, in an ga hadari ba mai zuwa bakin kwata kallon ruwa. Uwa in za ta shiga kasuwa ko gidan biki sai ta ce wa 'ya'yanta, ku tafi gidan Malama, ta tafi hankalinta kwance. Ina jin daɗin wannan suna, ba zan ɓoye ba. Ina jin daɗinsa fiye da yadda ya kamata.

Sai maganar yarinyar. Ba zan rubuta sunanta ba, ko yanzu da take da nata jikokin bakina bai saba ba. 'Yan yanzu ba lalle su gane ba, amma mu an raine mu a kan kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka nuna ka damu da shi a gaban mutane, in ana faɗa da shi ba ka shiga. Ni “ke” nake ce mata, in zan ambace ta in ce waccan, ko 'yar Gwaggo. Ita ma ba ta ce mini Umma kamar ƙannenta, Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙanwata tana faɗa tun tana koyon magana. Gwaggo kuwa ƙanwar mahaifin maigidana ce, tsohuwa Bazazzagiya da ke zaune da mu, ita ce mai yi wa yarinyar kitso, mai ɓoye mata ƙanzo, mai tsaya mata in an taɓa ta. Haka tsarin yake, abin da uwa ba za ta yi ba, kaka ta yi. Shekarun yarinyar tara a lokacin, doguwa, mai ƙarfin hannu, har ta fara kama mini daka. Ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barin komai ya wuce.

Maigidan ya kawo sabuwar igiya ta leda, shuɗiya, aka ɗaura wa guga. Tsohuwar, ta rama, na naɗe ta na jingine a jikin katanga. Kwana biyu aka ba da dogon hutu, yaran unguwa suka cika gidan, Gwaggo kuma ta tafi Zariya suna. Su suka hango igiyar, suka kewaye ni da magiya, Malama a ba mu mu yi lilo. Na ba su. Ina so in faɗi wannan sosai, domin a nan abin yake: ban ba su da ka ba. Na fito na tsaya, na zaɓi reshen da ya fi kauri, na sa babban cikinsu ya hau ya zauna a kai ya girgiza, na sa ya yi ƙulli biyu, na kawo guntun tsohuwar tabarya aka ɗaura a ƙasa wurin zama, na goge shi kada sartse ya soki wani. Na duba reshe, na duba ƙulli, na duba mazauni. Igiyar da na hana ta ɗaukar guga ɗaya na ruwa, ita ce kaɗai ban duba ba, na miƙa ta ta ɗauki 'ya'yan mutane.

Lilon nan ya yi farin jini. Lokacin mangwaro ya wuce, ba mai jifa, sai layi a gindin bishiya tun daga karin kumallo. Yarinyar ba ta cika hawa ba, ita ce mai turawa, domin ta fi kowa iyawa, kuma ta fi kowa adalci: goma-goma take ƙirga wa kowa, ko ƙaninta ne ba ta ƙara masa ɗaya. Ina kicin ina jin muryarta tana ƙirgawa, ina jin kukan reshe, ina jin daɗi ban nuna ba. Aka yi ruwa kwana biyu a jere, igiya ta sha ta ƙoshi, rana ta fito ta busar da ita. A rana ta uku bayan azahar ina tankaɗe, layi ya zo kan Sadiku, ɗan maƙwabciyata matar tela, yaro ɗan shekara biyar mai ƙiriniya. Ina jin sa yana cewa a ƙara, a ƙara, shi sai ya taɓa ganye. Sai na ji ƙas. Wallahi na ji shi, ta cikin hayaniyar yara goma sha, kuma na gane shi kafin in ji faɗuwar. Sannan shirun nan da ke zuwa kafin kukan yaro, wanda kowace uwa ta san in ya yi tsawo ba lafiya ba.

A kan saiwar mangwaron ya faɗa. Hannunsa na hagu ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Kafin in ɗago shi uwarsa ta shigo ko mayafi babu, yara kuma suka haɗa baki kamar masu karatun allo, ita ce, ita ce ta tura shi da ƙarfi. Maman Sadiku mace ce mai kirki, amma ranar ɗanta take gani a ƙasa. Ta juya kan yarinyar ta ce, “Ke wace irin yarinya ce? Yaro ne a gabanki ko turmi?” Sannan ta dube ni. Na san abin da wannan kallo ke nema, kowace mace a unguwar ta sani: in ɗanka ya yi wa ɗan maƙwabci ɓarna, a gaban uwarsa za ka hukunta naka, balle ɗan fari. Na kai hannu na yi mata ranƙwashi mai zafi, na ce ba ta da hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi guntun igiyar da ke reto a reshe, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Uban yaron ya baro shagonsa na Unguwar Sarki, shi da maigidana suka kai shi wurin wani mai ɗori a Badarawa. Aka ce karaya ɗaya ce, ƙashin yaro ne, zai haɗe da yardar Allah. Kafin su dawo gida ya watse, na je gindin bishiyar na ɗauki igiyar. Daidai wurin nan ta tsinke, inda silin ya rabu a hannuna, na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Ko jariri ne ya tura lilon, ranar za ta tsinke. Na tsaya da ita a hannu ina salati, sannan na naɗe ta na cusa ƙarƙashin itacen girki, da niyyar in sa ta a murhu da safe. Safiya ta yi ban sa ba, kuma ban fito da ita ba.

Na ce wa kaina kunya ce ta rufe mini baki. Ta yaya zan tashi in shiga gidan mutane in ce ba laifin 'yata ba ne, 'yar fari kuwa? Ai sai a yi da ni a gidan suna har shekara. Wannan gaskiya ne, amma kunya mayafi ce mai faɗi, tana rufe abubuwa da yawa. A ƙarƙashinta akwai sunan nan, Malama, da makullin da ke haɓar zanina, da “ku tafi gidan Malama”. In na yi magana, ba 'yata kaɗai zan wanke ba, kaina zan shafa wa baƙi. Kowa yana cewa tsautsayi ne, ƙaddara ce, ni ma ina amsawa, amma duk mai faɗin haka sai ya saci kallon yarinyar. Yara suka sa mata suna Karya-ƙashi. Iyaye ba su hana 'ya'yansu zuwa gidana ba, sai dai ina jin ana ja musu kunne daga soro, ban da wasa da waccan. Ta daina fita tsakar gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ina da goyo a lokacin, ɗan wata bakwai, wanda a da har faɗa ake da ita kan ta sauke shi. Na miƙa mata shi zan yi wanka, sai ta mai da hannuwanta baya ta ce tsoro take ji. Na shiga banɗaki na daɗe ban zuba ruwa a jikina ba. A kwanakin nan in na ta da salla, sai in rasa raka'a ta nawa nake. A Islamiyya an karantar da mu cewa abin da ke tsakaninka da Ubangiji istigfari yana share shi, amma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe, kuma ba a ce ban da bawa ɗan shekara tara ba.

Mako guda Gwaggo ta dawo da tsarabar alkaki. Ta kira ƙawarta, haka take ce wa yarinyar, ta ga ba ta zo da gudu ba. Ta ji labari a bakin yara, ta ji a bakina, na ce mata tsautsayi ne. Ta ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma yakan sami wanda ya buɗe masa ƙofa. Washegari ta shiga kicin ɗibar itacen dama kununta, don ba ta yarda da kunun kowa. Da la'asar na yi alwala na shiga ɗaki, sai na tarar an shimfiɗa mini darduma, ga igiyar nan a naɗe daidai wurin sujada.

Na fito na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Na ce, “Gwaggo, igiya na gani a kan dardumata.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ni na ajiye. Na ga ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ba, ita ce a gabanki in kin ta da salla.”

Na durƙusa na fara kawo mata zancen kunya, da abin da mata za su ce. Ta bar ni na gama, ta ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa, sannan ta ce, “Amarya,” don har na haifi biyar haka take kirana, “kunyar ɗan fari na fi ki saninta. Nawa har ya koma ga Allah bai ji sunansa a bakina ba. An ce kada ki kira ta, an ce kada ki yabe ta. Wa ya ce ki ɗora mata kayanki?”

Da maigidan ya dawo aiki na faɗa masa komai. Yana juya makullin besfarsa, ya ce yaro yana warkewa, zance ya kwanta, me zai hana a bar kaza cikin gashinta. Na ce masa yarinyar ba ta iya ɗaukar ƙaninta. Ya dube ni, ya ce shi ma ai ya ga igiyar a jikin katanga, har ya yi mata barkwancin ritaya, bai ce a jefar ba. Ya ce in je.

Da hantsi na yafa mayafi, na sa igiyar a leda, na ce wa yarinyar ke, taso. Na so in sami Maman Sadiku ita kaɗai, Allah bai nufa ba, mata uku na tarar sun zo dubiya, har da wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli da ba a shiga bakinta a fita lafiya. Yaron yana kan tabarma, hannu ɗaure da karare, yana shan rake da ɗayan. Bayan gaisuwa da ya mai jiki, na fito da igiyar na ajiye a tsakiya. Na ce igiyar gugana ce, ta fara tsinkewa a hannuna tun kafin hutu, don haka na cire ta daga rijiya, kuma ni da hannuna na ba yara. Na ce ba turawa ce ta ka da yaron ba, wadda aka ɗora wa laifin ba ta da laifi, ranƙwashin da na yi mata zalunci ne. Sai dattijuwar nan ta tafa hannu ta ce, “Ikon Allah, boko ya cinye kunya. Yau uwa ce da kanta ta zo belin 'yar fari.” Aka yi dariya, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Maman Sadiku ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki igiyar ta naɗa a hannuwanta biyu, ta ja, ba ma da ƙarfi ba. Ta tsinke a wani wurin daban, har da ɗan gari ya tashi. Ta daɗe tana kallon guntayen. Ta ce wannan ko ɗan akuya ba za ta riƙe ba. Can kuma, murya ƙasa-ƙasa, ta ce tasu tsohuwar igiyar tana bayan ɗaki, jiya yayyen Sadiku suka roƙe ta za su ɗaura a bishiyar dalbejiya, ta ce su bari sai an kwana biyu. Ɗaya daga cikin matan ta ce su tasu tun bara take rataye, yara suna hawa. Dariyar ta ɗauke. Maman Sadiku ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a jikinta, ta ce, “'Yata, ki yafe mini bakina.” Sadiku kuwa ya cire rake daga baki ya sanar da jama'a cewa in an kwance masa hannu ita za ta tura shi, don sauran ba su iya ba, kuma saura kaɗan ya taɓa ganyen.

Ba zan ce ban biya komai ba. Maman Sadiku ta yafe, amma sai da hutu ya kusa ƙarewa kafin in sake jin ta ce wa 'ya'yanta ku tafi gidan Malama, kuma har muka tsufa in tsokana ta motsa, Malama mai igiya ake ce mini. Maigidan ya sayo sabuwar igiya mai kauri aka ruɓanya ta biyu, kafinta ya yanko katako mai faɗi, aka karɓo yashi baro uku a wurin masu gini aka zuba a kan saiwoyin. Ranar da aka ɗaura sabon lilon, na jira maza suka fita, na tattare zani na hau da kaina, na ɗaga ƙafafu na yi reto. Gwaggo ta yi dariya har da tari, ta ce ta ga abin da ya fi biki. Na ce igiyar da ba za ta ɗauke ni ba, ba za ta ɗauki ɗan kowa ba. Daga nan ya zama doka, bayan kowane ruwa sai na hau kafin yaro ya hau. Tsohuwar igiyar guga kuwa, a gidana da gidajen da suka ji labari, daddatsa ta ake yi gajere-gajere tun ranar da aka cire ta, a ɗaure itace ko bakin buhu, kada a bar tsawon da zai ba yaro sha'awa.

Yanzu jikokina komai sabo ake sayo musu. Wannan hutun ɗana ya kawo lilon ƙarfe mai sarƙa da jan fenti, da abin zamiya na roba, da wani kwarmin ruwa da ake hura wa iska. Aka dasa su a kan intalok, a daidai inda mangwaron yake a da. Mu mun yarda da abu don mun daɗe da shi, su sun yarda da shi don a kwali ya zo, ni kuwa ban ga wanda ya fi wani ba. Na fita da sandata na ja sarƙar, na taɓa abin zamiyar da bayan hannu na ji rana ta mai da shi kamar kaskon suya, na ce ba mai hawa sai inuwa ta zo. Na sa a kife ruwan nan duk lokacin da aka gama, don ɗan rarrafe ba ya bukatar rijiya kafin ya nutse. Na ce a zuba yashi a ƙarƙashi ko a kwance lilon. Ɗana ya ce Umma wannan fa na kamfani ne, na ce ƙasan ma na kamfani ne? Ya yi dariya, amma yashin ya zo. Jikokin suna ce mini Hajiya insifeto, kuma da na zauna a kan lilon don in gwada, sai da suka ɗauke ni hoto. Abin da ba zan iya sawa a kawo ba shi ne yaran. Lilo ga shi mai kyau, masu hawa uku, get a kulle, ɗan maƙwabci sai an yi waya kafin ya shigo. Matan 'ya'yana kuma suna kiran 'ya'yansu na fari da suna gatsal, har da sumba a gaban kowa. Wani lokaci in ji nauyi, wani lokaci in ce ƙila da haka aka raine ni, da ban kwana bakwai da igiya a ƙarƙashin itace ba. Allah ne masani.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa ba. Na nemi gafarar Ubangiji, na nemi ta maƙwabciyata, amma mai haƙƙin ban ce mata komai ba, don ban san ta inda uwa take fara irin wannan magana da 'yar fari ba. Washegarin zuwanmu gidan su Sadiku, da hantsi, na buɗe rijiya, ta zo ta tsaya da bokiti a inda ta saba tsayawa. Na zura guga da shuɗiyar igiya, na sa idona cikin rijiyar, kamar da ruwan nake magana, na ce wanda aka yi wa ranƙwashi ba da haƙƙinsa ba, aka bar shi da kayan da ba nasa ba, don Allah ya yafe. Na jawo gugan na juye mata, ban dube ta ba. Ta gyara riƙon bokitin, sannan ta ce:

“Yaya, ai na san igiyar ce. Ina nan ranar da ta yi ƙara. Na yi shiru ne kada a ce ke ce.”